Yadda ake ɓoye amsa a PowerPoint har sai an danna

Kafin komai, raba tambaya da amsa. Shiga Insert, ɗauki Text Box, ka ba kowace amsa akwatin rubutunta. Idan suna akwati ɗaya, za su ɓace tare su kuma fito tare, sai dai in ka je Effect Options ka zaɓi By Paragraph, wanda ke fito da su sakin layi bayan sakin layi.

Danna gefen akwatin amsar, ba cikin rubutun ba, sannan ka buɗe Animations ka zaɓi Appear ko Fade. Lura da launin tauraron da ke kan kowane zaɓi: kore na shigowa ne, ruwan ɗorawa na jaddadawa, ja na fita. Kore kake so. In ka ɗauki ruwan ɗorawa, amsar za ta zauna a fili tun daga farko. A wajen Start, tabbatar On Click ne. With Previous da After Previous su ne ke sa amsa ta fito da kanta tun ba a gama karanta tambaya ba.

Wata ƙaramar lamba za ta bayyana kusa da kowane akwati, 1, 2, 3, ita ce jerin fitowarsu. Idan jerin ya rikice, buɗe Animation Pane ka ja kowanne zuwa gurbinsa.

Wannan ya isa in tambayoyin a jere za a bi su. Amma mai koyarwa ya san ɗalibi kan tsallake zuwa ta huɗu alhali ta biyu na nan, kuma a nan Trigger ke da amfani ƙwarai. Da shi, amsa ba ta fitowa sai an danna wani abu takamaimai a shafin. Fara da danna Alt da F10 don buɗe Selection Pane, ka sauya wa abubuwan suna, misali Tambaya1, Amsa1. Kada ka raina wannan matakin, domin sunaye irin su TextBox 7 da Rectangle 12 ne ke sa a haɗa tambaya da amsar da ba tata ba. Daga nan zaɓi Amsa1, danna Trigger, sai On Click of, ka ɗauki Tambaya1. Alamar walƙiya za ta maye gurbin lambar.

Matsalar da ke biyo baya: in linzamin kwamfuta ya kuskure tambayar ya faɗa fili, sai shafin gaba ya buɗe. Maganinta na cikin Transitions. Cire alamar da ke kan On Mouse Click. Maɓallin kibiya zai ci gaba da kai ka gaba.

Idan kana so amsar ta sake ɓuya, yi amfani da Add Animation wajen ƙara tauraro ja. Zaɓa kai tsaye daga jerin da ka ɗauki Appear ko Fade yana goge wanda ka riga ka sa.

Gwada da Shift da F5, wanda ke fara gabatarwa, domin a wurin gyara duk amsoshin a bayyane suke. Haka za su fito idan ka buga a takarda ko ka mayar da fayil ɗin PDF, don haka kwafin da za a raba wa ɗalibai sai an cire masa amsoshin. Google Slides kuwa yana da On click amma ba shi da Trigger, saboda haka fayil mai Trigger a PowerPoint za a gabatar da shi.