Yadda ake kare tsofaffin gida idan amai da zawo ya shigo gari

Mu nan Maradi ba mu saba kai iyaye gidan tsofaffi irin na Turai ba, inda korona ta yi ɓarna a 2020. Tsohonmu yana ɗakinsa cikin gida, jikoki na shiga suna fita, masu gaisuwa ba sa yankewa. Alheri ne, amma ta nan cuta ke samun ƙofa. Wanda ya ga damanar 2018, da kwalara ta taso daga yankin Madarunfa, da kuma ta 2021, ya san zancen.

Fara da ruwa. Raba tsoho da randar gida wadda kowa ke tsoma moɗa. Nema masa bido mai marfi da kofi nasa shi kaɗai. A tafasa ruwan, ko a jefa Aquatabs, ƙwayar kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. In ruwan ya yi gurɓi, a fara tace shi da ƙyalle mai tsabta. Ni ƙwayar na fi so, don gawayi ya fi ta cin kuɗi. Inda mutane ke yin sake shi ne a gyara ruwan sha, sannan a dama wa tsoho fura da ruwan ƴan garuwa, a cika masa butar alwala da shi, alhali da shi zai kurkure baki sau biyar a yini. Ruwan fura da na buta duk daga bidon nan za su fito.

Sai a tsayar da mutum ɗaya mai hidimarsa, kada kowa ya sa hannu. Sabulu ya zauna bakin ƙofar ɗakin, a wanke hannu kafin abinci da bayan an fitar da fo. Masu zuwa gaisuwa su tsaya daga ƙofa, ban da musabaha. Da nauyi a baki, na sani, amma “Alhaji a yi haƙuri, sai gari ya lafa” ba ta taɓa raba zumunci ba. Abincin da suka kawo a sake ɗumama shi ya yi zafi sosai. Latas da kwaɗon da aka saya a tallan titi kuwa a haƙura da su.

Ga wurin da mu muka yi kuskure, shi ya sa zan tsaya a kansa. Tsoho ba ya faɗin zawo. Kakata ta kwana tana zaga salga ita kaɗai cikin duhu, don ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa surukarta ko jikanta namiji ba. Da safe na ce “Inna, kin tashi lafiya?” ta ce lafiya lau. Sai wajen azahar muka ga idanunta sun faɗa, magana tana fita a rikice. Allah ya sa da sauran kwana, amma da ƙyar aka samu jijiyar sa ƙarin ruwa.

Don haka kada ka dogara da tambaya. Mai hidimar ta zama wadda tsohuwa ba ta jin kunyarta, ɗiyarta ko ƙanwarta, namiji kuma ɗan'uwansa namiji, kuma a kwana ɗaki ɗaya. A lura da butar da ta ƙare da dare, da zanen da aka ɓoye ƙarƙashin katifa, da fitsarin da ya ragu. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro ko da jikinsa ya bushe, zazzaɓi ma ba lallai ya zo ba. Yawan gyangyaɗi ko rikicewar magana kada a ce tsufa ne. Zawo mai kama da ruwan wankin shinkafa kuwa yana iya kashewa cikin ƴan awoyi.

Da ganin zawon farko a haɗa ruwan gishiri da sukari. Ƙunshi ɗaya na farmasi a lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. A ba shi kurɓi-kurɓi, in ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Ruwan da ya kwana ya wuni a zubar. Sayi ƙunshin tun yau ka ajiye, kada ka jira sai dare ya raba.

Ana ba shi ana neman adaidaita zuwa gidan likita mafi kusa, kada a tsaya jiƙa sassaƙe ko sayen ƙwaya wurin mai tebur. A tafi da magungunansa na hawan jini ko ciwon sukari a nuna. Zannuwa da fo a wanke da ruwan jabel (bilic), ma'aikatan lafiya za su gaya maka yadda ake sirka shi, ruwan wankin kuma a zuba cikin salga.