Kurakuran da gwanayen kwale-kwale ke yi a kogin Zambezi

A ƙasan magangarar ruwa ta Victoria, kan iyakar Zambiya da Zimbabuwe, kogin Zambezi yana kutsawa cikin kwazazzabon Batoka, inda ake kiran gangarorinsa, wato wuraren da ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu, da lamba, daga ta 1 har zuwa ashirin da 'yan kai. Da yawa daga waɗanda ke shan wuya a nan gwanaye ne a wasu koguna, kuma wannan gwanintar ce ke ruɗarsu.

Wanda ya saba da ƙananan koguna masu duwatsu yakan raɓe gefe don guje wa manyan igiyoyi. A Zambezi gefen ne tarko. Inda ruwa mai gudu ya haɗu da wanda ke komawa baya, ruwan yana murɗawa, yana kumburowa daga ƙasa, ya kife kwale-kwale a wurin da ido ke gani kamar lafiya lau. Sau da yawa tsakiya ta fi aminci: ka miƙe hancin jirgi, ka ci gaba da tuƙi, kada ka ɗaga filafili sama don firgita. Idan ka faɗa ruwa kuma, kokawa da shi ɓata numfashi ne. Ka ɗaure rigar ceto tamau tun kafin tashi, ka ja iska tsakanin igiya da igiya, don bayan yawancin gangarorin akwai kwantaccen ruwa.

Wasu na zaton janyewar ruwa sauƙi ce. Ina! Daga Agusta zuwa Disamba ne duwatsu ke fitowa, ramukan ruwa, inda ruwa ke zubowa ta kan dutse ya juyo baya, su ƙara riƙo. Haka nan ɗaukewar ruwan sama ba ta nufin kogi ya sauka, domin fadamar Barotse, da kogin ke ratsawa kafin ya iso magangarar, tana riƙe ruwan da ya zubo a Angola da yammacin Zambiya, sai wajen Afrilu cikar ke kai ƙololuwa. Hanyar da ka bi bara ba lalle ta yi bana ba. Ka tambayi jagororin garin Livingstone da ke kusa da magangarar matakin ruwan ranar, ka kuma fito kan dutse ka duba da idonka.

Gangara ta 9 fa, masu yawo da baƙi ma sauka suke su zagaye ta a ƙasa, babu abin kunya a ciki.

Sai fitowa daga kwazazzabon, hawa mai tsayi a zafin Oktoba. Ka tanadi ƙarfi da ruwan sha dominsa.