Yadda ake zaɓen zaren ilektirod na dashen kunne da tabbatar da ya zauna daidai

Mutum biyu za su iya samun na'urar dashen kunne iri ɗaya, wato wadda ake dasa wa kurma ta riƙa mayar da sauti wutar lantarki tana isar da shi ga jijiyar ji, wani ya ji magana sarai, wani kuma sai ya haɗa da kallon leɓe. Babban dalili shi ne daɗewar kurumta da lafiyar jijiyar ji, kuma likita ba shi da iko a kan waɗannan. Abin da ke hannunsa shi ne zaren ilektirod mai kai wutar, wanda ake zurawa cikin katantanwar kunne, wato naɗaɗɗen bututun da ke can cikin kunne: wane iri, tsawonsa nawa, ina ya kwanta.

A fara da awo. Katantanwa ta naɗe kusan sau biyu da rabi, tsawonta wajen milimita 35, amma na kowa daban ne. Bakinta ke karɓar siraran sautuka irin su "s" da "sh", ƙuryarta kuma masu kauri. Hoton CT zai nuna faɗin naɗin farko, daga nan a ƙiyasta tsawon, MRI kuma ya tabbatar akwai jijiyar. Wanda sanƙarau ya kurumtar sai an duba shi da kyau, don ƙashi kan toshe hanyar, zare mai laushi ba zai wuce ba.

Sai zaɓi. Miƙaƙƙen zare yana bin bangon waje, yana da laushi, kuma akwai tsayi daban-daban, daga gajere zuwa mai wuce milimita 30. Dogon yana kaiwa kusa da ƙurya, don haka sauti mai kauri ya fi faɗawa inda ya dace. Wannan yana da amfani ga masu harshen da karin sauti ke bambanta ma'ana a cikinsa. Lanƙwasasshen zare kuwa yana rungumar ginshiƙin tsakiya inda ƙwayoyin jijiya suke, wuta kaɗan ke isarsa, baturi ya fi jimawa. Aibinsa shi ne mai kaurin cikinsu ya fi saurin huda tantanin da ya raba hanyoyin cikin katantanwa, siririn kuma bakinsa kan naɗe ya koma baya.

Idan mutum yana da sauran ji na sautuka masu kauri, a ɗauki gajere mai laushi don kada a lalata abin da ya rage. Daga baya sai a haɗa masa wutar dashen da na'urar ƙara sauti a kunne guda.

Kada yawan ƙwayoyin ƙarfen da ke jikin zaren, masu sakin wuta ga jijiya, ya ruɗi kowa. Cikin kamfanonin da ke ƙera su, na Cochlear 22 ne, na Advanced Bionics 16, na MED-EL tashoshi 12, amma ruwan cikin katantanwa yana yaɗa wuta, sai maƙwabtan ƙwayoyi su riƙa taɓa jijiyoyi iri ɗaya. Tashoshin da kunne ke rarrabewa ba su kai adadin da ke rubuce ba, shi ya sa hayaniya ke wahalar da kusan kowane mai dashe.

Wajen tiyata, wurin zaman zaren shi ne hanyar ƙasa ta cikin katantanwa, wadda ake kira skala timfani. Shiga ta zagayayyar taga, wato ƙaramar kafa mai tantani da ke bakin katantanwa, ya fi saukar da shi can kai tsaye. A zura a hankali, a tsaya da an ji turjiya, a hana jini da garin ƙashi shiga. Idan aka matsa, zaren kan fasa tantani ya haye hanyar sama, galibi wajen rabin naɗin farko. Sauran ji ya tafi, tabo ya taru, fahimtar kalmomi ta ragu.

Kafin a rufe, ko jim kaɗan bayan haka, a auna turjiyar wuta a kowace ƙwaya da amsawar jijiya, a ɗauki hoto. Naɗewar baki gyaranta na da sauƙi nan take, daga baya kuwa sai an sake aiki.

Ana kunna na'urar yawanci bayan mako 2 zuwa 4. Mai saiti ya riƙe hoton a gabansa. Ƙwayar da ta rage a waje, ko mai sa fuska motsi, ko wadda ba a bambanta sautinta da na maƙwabciyarta, a rage mata wuta ko a kashe ta, a raba aikinta ga sauran. Idan zaren bai shiga da zurfi ba, muryoyi za su yi siriri da farko. Ƙwaƙwalwa kan saba cikin watanni idan ana sa na'urar duk yini, in kuma ba ta saba ba, a sake rabon sautukan bisa ainihin inda kowace ƙwaya ta tsaya.