Yadda Ake Ceto Fayil ɗin Outlook da Ya Ƙi Kwafuwa

Idan kana kwafe fayil ɗin wasiƙunka na Outlook, wanda sunansa ke ƙarewa da .pst, zuwa filashi ko wani faifai, sai ya cije a tsakiya, kada ka yi gaggawar neman manhajar gyara. Fara karanta abin da kwamfutar ta ce, domin ba duk cijewa ba ce lalacewa.

In ta ce wata manhaja na amfani da fayil ɗin, Outlook ne bai rufe ba. Rufe shi, ka leƙa Task Manager ka tabbata OUTLOOK.EXE ya fita. In kuwa ta ce fayil ɗin ya yi wa filashin girma alhali akwai wuri, filashin yana kan tsarin FAT32 ne, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. Kwashe abin da ke ciki, ka yi masa format zuwa tsarin NTFS ko exFAT. Canza kebul da ramin USB ma, kuma ka guji filashin arha, da yawansu ƙarya suke yi game da girmansu.

Babbar matsala ita ce saƙon "cyclic redundancy check". Ma'anarsa kwamfuta ta karanto wani ɓangare na faifai (hard disk), abin da ta samu bai dace da abin da aka rubuta ba. Galibi faifan ne ya fara mutuwa, fayil ɗinka kuma yana zaune a kan gurbin da ya lalace. A nan na ga masu koyo suna yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Wani zai saki chkdsk /r, umarnin Windows na binciken faifai da gyara shi, ya bar faifan da ke numfashi da ƙyar yana aikin sa'o'i. Wani zai ɗora ScanPST, manhajar Office ta gyaran fayil ɗin .pst, kai tsaye a kan fayil ɗin asali, ya yi ta rubutu a kansa. Wani kuma kwafi zai yi ta maimaitawa, yana tsayawa a wuri guda. Duk karatun da ka tilasta wa faifai mai ciwo yana rage masa kwana ne. Dokata ɗaya ce: ba a gyara komai sai an samu kwafi a wani faifai dabam.

To yaya za a kwafe abin da ya ƙi? Gwada robocopy, umarnin kwafi na Windows, da /R:2 /W:5, wato ya sake gwadawa sau biyu kawai, yana jiran daƙiƙa 5 kowane karo. Kada ka bar shi yadda ya zo, domin zai iya sake gwadawa har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 kowane karo. Idan ya gaza sau biyu, ƙyale shi. Tayar da kwamfutar da Linux daga filashi, ka yi amfani da ddrescue, manhajar kwafe faifai mai ciwo. Shi yana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, ya tsallake masu ciwo, daga baya ya dawo musu. Bayan abin da za a kwafe da inda za a ajiye shi, ba shi fayil na uku da zai riƙa rubuta inda ya kai, don ko wuta ta ɗauke ya ci gaba daga nan. Kyauta ne, don haka ban ga dalilin sayen manhajojin ceto masu tsada tun farko ba. Amma in ka ji faifan yana ƙas-ƙas, kashe kwamfutar nan take ka kai wa ƙwararru, ya fi ƙarfin manhaja.

Da kwafi ya samu, sake kwafe shi, ka ajiye ɗaya kada ka taɓa. A kan ɗayan za ka saki SCANPST.EXE, yana cikin jakar da aka girka Office, a sababbin juyi ƙarƙashin root\Office16. Bar alamar ajiye .bak, wato kwafin fayil ɗin kafin gyara, a kunne, ka maimaita har ya daina ganin kuskure. Buɗe fayil ɗin a Outlook, duba jakar Lost and Found, sannan ka ƙirƙiri sabon PST ka kwashe wasiƙun zuwa ciki. Kada ka ci gaba da aiki da wanda aka gyara.

In fayil ɗinka .ost ne na Exchange ko IMAP, wasiƙun suna kan sabar, wato kwamfutar mai ba ka hidimar imel. Canza masa suna kawai, Outlook zai sauko da sabo, amma fara fitar da abin da ke jakunkunan da aka rubuta "This computer only". Tsohon faifan kuwa, sauya shi.