Kurakuran da aka fi yi wajen binciken ƙasar fit kafin a fara haƙa

Fit tarin tsirrai ne da ruwan dausayi ya hana su gama ruɓewa, kaurinsa kuma ba ya ƙaruwa sai da kusan milimita 1 a shekara. Ana haƙarsa don makamashi da renon shuka. Yawancin asarar da masu haƙa ke tafkawa tun wajen awo take farawa.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne a lissafa jiƙaƙƙen fit kamar duk kayan sayarwa ne. Kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, idan aka janye ruwan kuma ƙasar lotsawa take yi. Sai a busar da samfur a ɗakin gwaji a auna busasshen, sannan a ƙone shi a ga yawan toka. Toka mai yawa alama ce ta yumɓu ko yashi, irin wannan kuwa ba ya ba da zafin kirki.

Sai maganar zurfi. Mai awo ya caka sanda, ta tsaya, ya rubuta ya kai ƙasa, alhali gungumen itace ya tokara, abin da ya zama ruwan dare a dausayin Kalimantan da ke Indonesiya. Wani lokaci kuma sandar ta zarce cikin laka mai laushi, a ƙirga lakar a matsayin fit. Maganinsa na'urar ɗibar samfur irin ta Rasha, wadda ke fito da ƙasar ido ya gani. Kada kuma a tsaya bakin dausayi don gudun nutsewa, domin da yawansu a tsakiya suka fi zurfi.

Wasu sukan ɗauki samfurin sama su yanke wa duka hukunci. Ma'aunin von Post, wanda ke nuna yawan ruɓewar fit daga H1 zuwa H10, a tafin hannu ake yinsa: a matse samfur a ga abin da zai fita tsakanin yatsu. Mai ƙarancin ruɓewa ya fi dacewa da shuka, wanda ya ruɓe sosai shi ne na wuta, kuma rami ɗaya kan ƙunshi duka biyun.

A duba abin da ke ƙarƙashi ma. A yankunan bakin teku akan sami yumɓu mai sinadarin farar wuta, da iska ta taɓa shi ruwan wurin ya koma asid. Doka kuwa a karanta ta tun kafin a ɗauki sanda: a Indonesiya, tun 1990 aka sa fit mai zurfin mita 3 ko fiye cikin wuraren da ake karewa.