Kurakuran da masu ƙaramin injin walda suka fi yi

Ƙaramin injin walda ya shiga ƙauyuka sosai. Daga Gujungu zuwa Wudil, duk inda ake gyaran amalanke, garma ko ƙofar ƙarfe za ka tarar da shi, kuma ƙanƙantarsa ce take sa a raina shi.

Ido aka fi cuta. Mutum ya saka baƙin tabarau na kwalliya, ko ya runtse ido ya ce ɗan ɗigo ɗaya ne kawai. Hasken walda ƙona saman ƙwayar ido yake yi, kuma ba nan take ake ji ba. Sai dare ya raba ka farka kamar an zuba maka yashi, hawaye na zuba, ko fitila ba ka son gani. Ka nemi garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko 11, ka riƙe ta ko da ɗigo ɗaya za ka yi. Wajen kankare dattin walda ma a kare ido, domin da zafinsa yake fallatsa. In abin ya riga ya faru, kada a ɗiga madara ko ruwan sukari, a tafi asibiti. Yaran da suke zagaye ka suna kallo kuwa, don Allah ka kore su, hasken nan ba ya tambayar wanda yake riƙe da wayar walda.

Sai waldar tankin mashin da duro. Wai ai babu mai a ciki. Tururin fetur ɗin da ya rage shi ne yake fashewa, kuma ɗauraye shi da ruwa sau ɗaya ba ya fitar da shi. Wanda bai koyi wannan aiki a hannun gwani ba, ya mayar wa mai shi kayansa.

Da damina, tsayawa a jiƙaƙƙiyar ƙasa da silifas ana canza ilektarodi, wato sandar walda, da hannu mai gumi, neman jan wuta ne. A tsaya kan busasshen katako, a sa safar hannu ta fata. Wayar da ta kware a canza ta, a daina naɗe ta da leda. Wayar ƙasa kuma a maƙala ta jikin ƙarfen da ake aiki a kai, inda aka goge tsatsa.

Da kaka tartsatsi ne abin tsoro, yana iya kai wa mita 10. A matsa daga kara, harawa da dangar zana, a ajiye bokitin yashi. Rigar ƙwallo narkewa take ta manne a fata, auduga ta fi.

Ƙarfe marar kauri yana hujewa ne saboda an cika wuta. Ilektarodi mai kaurin geji 12 ya wadatar, wuta tsakanin amfiya 60 da 90. Bututun ruwa mai farin shafi kuwa hayaƙinsa yana sa zazzaɓi, a fito da shi fili, a juya wa iska baya.