Yadda ake ɗaura ƙugiya biyu don kamun kifin porgi

Idan sabon shiga ya sauko daga jirgin ruwa da kifi huɗu a bokiti, alhali wanda ya wuni kusa da shi ya cika nasa, sai ka ji yana ɗora laifin a kan wurin da ya tsaya ko a kan sa'a. Yawanci laifin yana can ƙarshen igiyarsa: ƙugiya ta yi girma, ƙulli ya zame, ko ƙugiyoyin biyu sun sarƙe tun kafin dalmar da ke nutsar da igiya ta taɓa ƙasa, ya yi ta jira bai san koto ya naɗe a jikin igiya ba.

Porgi kifin gishiri ne na gabashin Amurka, a Tekun Atlantika, ya fi yawa tsakanin Cape Cod da Cape Hatteras. Mutanen Niyok ne ke ce masa porgi, a Massachusetts da Rhode Island kuma sikaf suke kiransa. Siffarsa kamar ƙarfasa, mai faɗi, fari mai ƙyalli, da ƙayoyi masu tsini a gadon baya. Yana matsowa gaɓa wajen watan Mayu, ya koma ruwa mai zurfi idan sanyi ya kama wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Ga mutanenmu mazauna Bronx a birnin Niyok abin ba nisa, jiragen haya na tashi daga City Island zuwa Long Island Sound, akwai wasu a Sheepshead Bay ta Brooklyn, mai hali kuma ya tafi Montauk. Abu biyu ne game da kifin nan suka tsara dukkan ɗaurin: a ƙasa yake kiwo, kan duwatsu da ɓaraguzan jirage da wuraren kumba, kuma bakinsa ɗan ƙarami ne, yana tsattsagar koto kamar kaza.

Kayan ba su da yawa. Igiyar nailan mai ƙarfin fam 30, ƙugiyoyi biyu lamba 2, dalma, da majuyi, wato ɗan ƙarfen nan mai zobe biyu da ke juyawa don kada igiya ta murɗe. Wasu na amfani da fam 20 suna cewa kifi ba ya ganinta. Ka bar su. Porgi bai wuce fam ɗaya zuwa biyu ba a mafi yawan lokaci, ba don nauyinsa ake sa fam 30 ba, don taurinta ne, shi ke sa ƙugiya ta tsaya nesa da uwar igiya. Igiyar fuloro, wato wata irin igiyar kamun kifi mai kama da nailan a ido, ta fi tauri kuma ta fi jure gogar dutse, amma kuɗinta ya ninka na nailan, kuma a wurin da za ka bar ɗauri uku ko huɗu a cikin duwatsu kafin la'asar, asarar kuɗi ce kawai.

Maganar ƙugiya, wanda ya saba da tarwada sai ya danne zuciyarsa. Tarwada na haɗiye komai, porgi ba ya yi. Lamba 2 ita ce daidai, lamba 4 idan kifin ƙanana ne a bakin gaɓa, lamba 1 ko 1/0 idan an faɗa kan manya a ƙarshen kaka. Ka tuna lissafin a juye yake, lamba 4 ta fi lamba 2 ƙanƙanta, 1/0 kuma ta fi lamba 1 girma. Ka nemi irin mai ƙananan ƙayoyi biyu a bayan sandarta, su ke riƙe koto kada ya zame ya taru a gindin ƙugiya.

Kada ka yanke igiyar daga kwarkwaro tukuna. Ƙulle-ƙulle na cin igiya fiye da yadda ake zato: ɗaurin da zai ƙare a inci 30 da ɗoriya yana cinye sama da ƙafa 5. Mai yankan ƙafa 3 tun farko yakan isa ƙulli na biyu ya tarar babu abin riƙewa. Ka fara daga bakin igiya, ka yi ta hawa, sai ka gama sannan ka yanke.

Kunnen dalma, wato madaukin da za ta rataya, shi ne na farko kuma mafi sauƙi. Ninka bakin igiyar inci 6, ka yi ƙulli na yau da kullum da ninkin amma ka zura shi sau biyu, ka jiƙa, ka ja. Kunnen ya fito kamar inci 4, yadda dalma mai oza 8 za ta iya wucewa ta ciki. Ba a ɗaura dalma, zura kunnen ake yi ta hudarta a zagaye ta da shi a ja, don in ruwa ya ƙara gudu ka canza ta nan take ba tare da wuƙa ba.

Yanzu ga inda aikin yake, kunnen da ƙugiya za ta rataya. Auna inci 6 sama da ƙullin dalma. A nan ka lanƙwasa igiyar ta zama da'ira mai faɗin tafin hannunka, yadda a saman da'irar igiya biyu za su kwanta kusa da juna, ɗaya ta nufi dama ɗaya ta nufi hagu. Riƙe gefe da gefe da manyan yatsu. Sa manuniya tsakanin igiyoyin biyu a tsakiya, ka riƙa juya ɗaya a kan ɗaya, sau biyar. Za ka ga murɗi yana taruwa a dama da hagu, ƙofa kuma ta rage a tsakiya inda yatsanka yake. Wannan ƙofar kada ta rufe. Ka kamo gindin da'irar daga ƙasa, ka turo shi ta cikin ƙofar, ka cafke shi da leɓe. Jiƙa murɗin da yawu sosai. Sannan ka ja bakin igiya biyu, dama da hagu, a hankali, ba tare da fizga ba, har murɗin ya matso ya shaƙe gindin kunnen.

Ƙullin da ya yi kyau ana gane shi da ido. Murɗin yana jere lau kamar zaren da aka naɗa a kwarkwaro, adadin na dama daidai da na hagu, kunnen kuma yana tsaye a gicciye kamar reshe a jikin kara. Tsawonsa inci 3 da rabi, in ya yi yawa 4.

Kuskure huɗu ne ke kashe wannan ƙulli, kuma kusan kowane sabon shiga sai ya yi aƙalla biyu. Na farko, jan kunnen maimakon jan bakin igiya. Leɓe riƙo kawai yake yi, kada kunnen ya koma ciki. Idan ka ja shi da ƙarfi, murɗin ba zai taru ba, ƙullin zai zauna sako-sako, kifi na farko mai ɗan nauyi zai sa ya zame har kunnen ya shige. Na biyu, ja a bushe. Nailan na gogar kansa ya yi zafi, wurin ya yi rauni, za ka ga igiyar kusa da ƙullin ta yi fari ko ta nannaɗe ta ƙi miƙewa. Wannan ba ya gyaruwa, yanke ka sake. Na uku, turo kunnen ta ƙofar da ba ta tsakiya ba, murɗi bakwai a gefe guda uku a ɗayan. Gefen mai ukun ne zai saki. Na huɗu, rowar murɗi. Uku ba ya riƙe igiya fam 30, kuma in ka wuce shida ba za ka iya matse shi da hannu ba, zai hau kan juna ya yanki kansa. Biyar.

Bayan ka matse, naɗa igiyar a hannu biyu da tsumma ka ja da ƙarfin gaske. Gara ya tsinke a ɗaki.

Kunnen ƙugiya ta biyu yana inci 12 sama da na ƙugiyar farko, kuma wannan tazarar ba ado ba ce. Idan ɗaurin yana nutsewa, ƙugiyar ƙasa na tashi sama, idan ya sauka ta sama na faɗowa ƙasa. Kunne inci 3 da rabi da ƙugiya inci ɗaya, sau biyu, ya kama inci 9. Duk tazarar da ta gaza haka, ƙugiyoyin za su gaisa a hanya su sarƙe. Haka nan masu yin dogon kunne na inci 7 ko 8 wai don koto ya yi rawa: naɗewa zai yi a uwar igiya, kuma tsattsagar porgi ba za ta iso hannunka ba, don dogon kunne na shanye motsin. Gajeren kunne mai tauri shi ke kawo maka labari da wuri. Wasu na ƙara ƙugiya ta uku. A jirgin haya da mutane ke tsaye kafaɗa da kafaɗa, ita ce ke kama igiyar maƙwabci.

Sa ƙugiya a kunne yana ba mutane wahala saboda hudar lamba 2 ƙarama ce kuma igiyar ninki biyu ce. Matse bakin kunnen da filaya ya yi tsini, ba da haƙori ba. In ya ƙi shiga, zura ɗan siririn zare ta cikin kunnen, ka tura bakin zaren biyu ta hudar, ka jawo. Kunnen ya wuce, ka zagaye ƙugiyar da shi, ka ja ya zauna. Sannan ɗaga ɗaurin ya rataya ka duba: tsinin ƙugiya ya kalli sama. In ƙasa yake kallo, cire ka zura ta ɗaya gefen hudar. Ƙugiya mai kallon ƙasa dutse take kamawa.

Daga kunnen ƙugiya ta biyu ka bar inci 12, ka yanke, ka ɗaura majuyi. Uwar igiyar sanda ta zama saƙaƙƙiya mai fam 20 zuwa 30, don ba ta miƙewa, kowane taɓi za ka ji shi. Amma santsi gare ta, ƙullin da ke riƙe nailan yana zame mata, sai ka yi ƙullin da ake kira Palomar: ka ninka ta, ka zura ninkin ta zoben majuyi, ka yi ƙulli na yau da kullum, ka zura majuyin ta cikin kunnen, ka ja.

Wata dabara mai ceton kuɗi: a wuri mai duwatsu, yi ƙulli guda na yau da kullum a igiyar, inci ɗaya sama da ƙullin dalma. Ya raunana wurin da gangan. Idan dalma ta maƙale, nan zai tsinke, ka rasa dalma ka tsira da ƙugiyoyi, wani lokaci har da kifi a jiki.

Nauyin dalma ruwa ne ke faɗa. A gaɓa oza 1 zuwa 3, a jirgi oza 3 zuwa 8. Idan igiyarka ta karkata tana bin ruwa, ƙara nauyi har ta tsaya kusan a miƙe. Koto kuma ɗan kaɗan, kamar farcen babban yatsa: naman kumbar teku, ko tanar teku a gutsure, ko sikwid, wata dabbar teku mai hannaye da yawa, da aka yanka siriri inci ɗaya da rabi. Soka shi sau biyu, tsinin ya fito fili. Babban koto ciyar da kifi ne kyauta. Dalma ta taɓa ƙasa, ɗauke sakin igiya, ka ji taɓi biyu ko uku a jere sai ka ɗaga sanda da sauri amma ba da fizgar da za ta yage baki ba. In ɗaya ya kamu, dakata daƙiƙa kaɗan, sau da yawa na biyu na hawa ɗaya ƙugiyar.

Wajen cire shi, shafo daga kai zuwa baya ka kwantar da ƙayoyin kafin ka damƙe. Kowace jiha tana da dokar tsawon kifi da adadin da za a ɗauka, kuma ana sauya ta, saboda haka duba ta bana, ka riƙe ma'auni a aljihu. A jihar Niyok mai kamu daga gaɓa yana yin rajista ta kyauta, fasinjan jirgin haya mai lasisi ba ya buƙata. Shirya ɗauri guda shida a gida tun daren da za ka fita washegari, kowanne a ledarsa, kuma bayan kowane kifi biyar ko shida ka bi igiyar da yatsa daga ƙugiya zuwa majuyi, inda ka ji kaushi ka canza.